Ayabar Bakin Kwari

Goggo Bashira marowaciya ce, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. In mace ta shigo gidanta da doguwar gaisuwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi ciwon ƙafa, ta fara karkata ido wajen bayan gida, Goggo takan tare ta tun kafin ta iso inda za ta: "In ɗan ayaba kika zo nema, ba na bayarwa. In wani abu ne, zauna." Abinci takan bayar. Takan ba da aron tukunya, takan ba da gishiri, ayabar da ta nuna ma takan ɓalle wa yara su ci a gabanta. Amma 'ya'yan da ke tsirowa daga gindin uwa, waɗanda da su ake dasa sabuwa, ko ɗaya bai taɓa fita ƙofar gidan ba. Mai unguwa ya aiko, ta ce a gaishe shi. Liman ya yi mata nasiha ta bakin matarsa, ta ce ta ji, Allah ya saka.

Gidan yana ƙarshen wani layi a Barunde, inda gine-gine suka ƙare kwari ya fara. Da rani kwarin nan hanyar yashi ce, awaki na yawo a ciki suna tauna leda. Da damina kuwa kowace shekara sai ya gutsuri gaɓa ya tafi da ita. Lokacin da Goggo ta tare, tsakanin katangar baya da bakin kwari akwai filin da har gyaɗa ake shukawa. Filin ya tafi tuni. Abin da ya rage tsakanin ruwa da ayabar katangar bulo ce guda, ita ma ta tsage, kuma duk faɗin Gombe babu gidan da ke da irin wannan ayaba, tunda mai ita ta hana.

Gajeriya ce ƙwarai. Wanda ya hango ta daga baya cikin hijabi sai ya ɗauka 'yar firamare ce aka aika. Wuyanta gajere ne mai faɗi, kunnenta na hagu ya daɗe da ajiye aiki, na dama yana ji in ya ga dama.

A Madaki aka haife ta, gidan wani mai sayar da yadi da ya zo daga ƙasar Katsina. Har sa'anninta suka fara rufe ƙirji suna kallon ƙasa in sun ga samari, ita tana nan yadda take. Ƙannenta mata suka kamo ta suka wuce. Ƙirji bai fito ba, al'ada ba ta zo ba. Uwarta ta sha yawo da ita: rubutu, hayaƙi, jiƙo mai ɗaci. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne, wata tsohuwa ta ce uwar ce ta tsallake wani abu tana da cikinta. Da kowa ya gaji sai aka bar ta a shagon uban, tana zaune kan dilar yadi, tana tsince zaren da almakashi ya zubar tana naɗewa a yatsa. A can ta koyi zama shiru tana kallon abu guda har sai ya fara yi mata motsi.

Ta haura talatin kafin wani ya yi sallama dominta. Malam Shu'aibu ne, mai gyaran lagireton mota a Bolari, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Ba ta bari ya gama gyara zama a zaure ba.

"Malam, kafin ka ɓata goronka, ni ba na haihuwa. Ba wai ban yi ba tukuna. Ba zan yi ba."

"Na haifi shida, sun cinye ni sun watse," in ji shi. "Ni wadda za ta ce mini sannu da zuwa nake nema."

"Da kunne ɗaya nake ji."

"Ni ma magana ɗaya nake yi."

Aka ɗaura. Ya kawo ta Barunde.

Gidan da ke jikin nasu haya ake bayarwa, kuma a lokacin Ijeoma ce a ciki, wadda kowa ke kira Maman Ifechi, mai shagon manja da garin rogo a Bolari. Wata shekara ta dawo daga hutun Kirsimeti da wani abu a buhu, dunƙulallen gindi da ƙasar garinsu ja a jikinsa, da ɗan ganye guda da ya yanƙwane a mota.

"Ƙawata, gidana siminti ne ko'ina. Ke kina da ƙasa. Na bayan ɗakin uwata ne, ki sa shi."

Bashira ta sa shi ba da wani buri ba. Ayaba ba abin Gombe ba ce, rana takan ƙone ta tun tana tsaye. Malam Shu'aibu ne ya ɗauki abin da zafi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin hanyar ruwa a cikin mota ba zai ga ruwa na zuba a banza ya ƙyale ba. Ya kwaso tsofaffin tiyo daga gareji ya harhaɗa, ruwan alwala da na wanke-wanke da na ɗaurayar kaya duk ya bi da su gindin ayabar. Ta yi ganye, ta yi tsawo ta wuce mai gidan, ta sauko da nono. 'Yan ƙanana ne, ɓawonsu siriri, ƙamshinsu kan riga su fita layi.

Ranar da Bashira ta ɓare ta farko, ta raba ta biyu da farce tana dubawa. Babu komai sai 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe.

"Maman Ifechi, ina irin?"

"Ba ta da iri. Ta ƙasa take haihuwa, je ki duba gindinta."

Ta je ta durƙusa. Ga wasu 'yan tsiraru biyu sun huda ƙasa, masu tsini, sun jingina da uwar. Ta daɗe a durƙushe, har ƙawar ta gaji ta koma gida.

Daga nan bayan gidan ya zama wurin zamanta. Ɗaya ta zama uku, uku suka zama duhuwa. In rana ta take, garin ya yi fari fat, ita tana ciki kan tabarma, haske na saukowa ta cikin ganye kore shar kamar mutum yana kwance a ƙasan tafki yana kallon sama. Takan juya kunnen da ke ji ta kwanta a kansa, duniya ta ɗauke. Ba ƙarar keke, ba injin markaɗe. Sai ganyen kawai suna ɗagawa suna sauka, manya kamar zannuwan da aka shanya, kuma a tsakanin barci da ido biyu takan ga kamar numfashi suke yi, ita ce ke bin su. Wani lokaci takan ga duhuwar ta tashi da ita gaba ɗaya, tabarma da buta da komai, suna tafiya a hankali bisa rufin kwanon Barunde, ba mai ɗaga kai. Sai kiran sallar azahar ya shigo ta ƙasa, ta cikin haƙarƙarinta, ta tashi.

Malam Shu'aibu ya rasu yana da furfura har a gira. 'Ya'yansa suka zo rabon gado, suka bar mata ɗakin baya da wurin ayabar, don ba mai son bakin kwari. Ta ce sun kyauta, kuma da gaske take.

Bayan wasu shekaru jiri ya fara kayar da ita. Hikima, 'yar ƙaninta, malamar kimiyya a wata sakandare, ta kai ta asibiti. Likitar ta auna jini, ta saurari zuciya, ta tsaya tana kallon wuyan Goggo da tsayinta, ta yi tambayoyin da rabon a yi mata su tun tana budurwa. Aka ɗebi jini aka aika wani gari. Da sakamako ya dawo, likitar ta yi bayani da Turanci rabi da Hausa rabi, ta gefen kunnen hagu. Goggo ta gyaɗa kai har aka gama. Sai da suka dawo gida suka shiga inuwar ayaba ta ce, "To Malama, fassara."

Hikima ta zaro tsinke daga tsintsiya ta kakkarya, ta jera a ƙasa biyu-biyu.

"Goggo, a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wasu 'yan zarurruka, ido ba ya ganinsu, kuromosom ake ce musu. Su ke ɗauke da yadda mutum zai kasance. Arba'in da shida ne, rabi daga uwa, rabi daga uba, kowane da ɗan'uwansa." Ta ɗauke tsinke guda daga jerin ƙarshe. "Naki arba'in da biyar ne. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ya zo."

"Ba iska ba?"

"Ba iska ba."

"Ba wanda ya yi mini?"

"Ba kowa. Haka ya zo tun ranar farko."

Goggo ta kalli tsinken da ya rage shi kaɗai. "Uwata ta mutu tana zargin ƙafarta a banza," ta ce.

"Akwai kuma waɗanda nasu ya yi yawa," in ji Hikima. "Irin su Zaharadeen mai share masallaci, galibi nasu arba'in da bakwai ne."

"Ashe shi ya tsince nawa. Shi ya sa in ya gan ni yake dariya."

Hikima ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaga kai ta dubi ganyen. "Kin san wannan ma ba daidai take ba? Nata uku-uku suke, ba biyu-biyu ba. Goma sha ɗaya sau uku. Uku ba ya rabuwa biyu daidai, shi ya sa iri ba ya ƙulluwa a cikinta."

"Maimaita ta wannan kunnen."

Ta maimaita.

"Ni an rage mini, ita an ƙara mata, duk mun tashi ba iri."

"Sai dai a tsiro, in aka ƙara, sau da yawa yakan fi girma, ya fi daɗin ci. Manoma nema suke yi."

"Mutum kuwa a kai shi gidan boka," in ji Goggo. "Kwashe tsinkayenki, kaji za su ɗauka abinci ne."

Maganar ba ta sa ta kuka ba, ba ta kuma sa ta murna ba. Abin da ta yi shi ne ta ba ta sabon abin kallo. Da rana a kan tabarma takan ga zaren nan guda da bai iso ba. Wani lokaci ja ne, wani lokaci shuɗi, irin na bakin yadi. Takan gan shi ya maƙale a ƙaya a hanyar Katsina, iska na kaɗa shi, shanu na wucewa ta ƙarƙashinsa. Takan gan shi a bakin tsuntsuwa za ta yi sheƙa. Ba ta taɓa miƙa hannu ta kama shi ba ko a mafarkin. Kallo kawai take yi, ta ga inda zai sauka, kuma ba ya sauka. Rowar kuwa sai abin da ya ƙaru. Da can cewa take ba ta bayarwa. Yanzu har ƙarawa take, "Ba ta da iri. In ta fita hannuna ta mutu, a ina za a samo?"

Daminar da ta raba gardama ta zo da la'asar wata Laraba. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar ana juye randa. Goggo tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta ji faɗuwar katangar ba, a tafin ƙafarta ta ji. Ta ga bulo ya kwanta a hankali, ta ga sarari ya buɗe inda ba sarari, ruwa ja yana gudu a ciki. Sai ƙasar da ke gefe ta zame da uwaye uku a kanta. Ba su faɗi ba. A tsaye suka shiga ruwan, ganyensu a buɗe, ɗaya da nononta, suka bi kwari suna juyawa sannu-sannu kamar matan da suka yi ado za su biki, har suka sha kwana. Ta tsaya tana kallon kwanar har ruwa ya tsagaita.

Washegari Hikima ta zo a keke, Maman Ifechi ta biyo ta da sandarta, don ita ma ƙafa ta fara ba ta wahala. Suka tarar da Goggo zaune a bakin ramin, ƙafafunta na lilo.

"Goggo, tashi daga nan don Allah. Ki haɗa kayanki, Madaki za mu. Na gyara miki ɗaki."

"Gidanki da tayil har bakin ƙofa? In dasa su a ina, a kan firij?"

"Ruwa biyu nan gaba ɗakin ma zai tafi."

"To ya tafi."

Maman Ifechi ta zauna da ƙyar a kan turmi. "Bashira, ke dai muguwa ce. Ni na ba ki abin nan a buhu. Da na yi irin halinki fa?"

"Ke kika ga dama."

"A garinmu an gina bene a bayan ɗakin uwata. Babu ko ɗaya can. Wannan da kike zaune a kai ita ce ta rage, kina jira ruwa ya kai wa kifi."

Goggo ta kalli yashin da ruwa ya bari. Da ta buɗe baki ba ƙawar ta kalla ba, Hikima ta kalla.

"Ke kin san an taɓa ba ni ke? Da aka yaye ki, ubanki ya ce za a kawo mini ke riƙo, tunda ba ni da kowa. Na sayi 'yar tabarma, na sayi ɗan kwano mai murfi. Ranar da za a kawo ki aka aiko cewa an fasa, wai ban san kan yaro ba. Gidanmu kaf, mai 'ya'ya tara, mai goma, ba wanda ya ba ni ko na kwana ɗaya. Sai ni ce zan bi layi ina rabon nawa kyauta?"

Hikima ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa ji ba.

"Wa ya ce kyauta?" in ji Maman Ifechi. Ta shekara fiye da talatin a Gombe, ta san abin da ake nufi da riƙo: ɗa yana gidan wani, yana cin tuwon wani, amma kowa ya san na wane ne, kuma mai shi na da bakin magana. "Ki ba da riƙo mana. Naki ne, suna hannunsu. Wadda ta yi wasa ki je ki zage ta. Ai kin iya."

Goggo ta juya kunnen dama. "Me kika ce?"

"Kin ji ni sarai, munafuka."

Goggo ta janye ƙafafunta daga bakin ramin, ta miƙa wa Hikima hannu ta tashe ta.

Ranar Asabar da hantsi gidan ya cika. Labari ya zaga cewa Goggo za ta ba da ɗan ayaba, har waɗanda ba su da wurin dasawa sun zo ganin abin mamaki. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunne, adda a gefenta, mata sun yi layi da buhunansu. Ba wadda ta samu sai da ta sha tambaya.

"Kina da akuya?"

"Guda biyu, Goggo, amma a ɗaure suke."

"Ƙarya kike, na gansu a bola jiya. Wuce. Ke, ruwan wanke-wankenki ina yake bi?"

"Bayan ɗaki."

"Da omo?"

"Na ɗauraya zan riƙa zubawa."

"Hikima, haƙo mata. Ke kuma mijinki mai tashi ne duk shekara, haya nan haya can, ba zan ba ki 'yata ki bar wa mai gida ba."

Matar liman ta samu. Matar mai unguwa ta samu bayan ta yi alkawarin kewayewa da kara. Usaini mai keke, wanda ya zo ɗaukar kaya kawai, ya ce uwarsa a Bolari tana da rijiya, aka ba shi biyu. Hikima ce ke haƙa, Goggo na nuna mata inda za ta sa adda ta raba ɗa da uwa ba tare da ta raunata saiwa ba. Duk wanda aka ciro sai an miƙo mata ta juya shi a hannu, ta kakkaɓe ƙasar, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa a buhu da kanta. Na ƙarshe ta ba Maman Ifechi, wadda yanzu ɗanta ya gina mata gida mai fili.

"Riƙo ne," ta ce mata. "Kada ki ce naki ya dawo."

Kafin kaka kwarin ya ɗauki sauran duhuwar, ya haɗa da rabin ɗakin. Goggo tana Madaki a lokacin, tana zagin tayil ɗin Hikima da ke sa ta santsi. Da aka gaya mata ta ce ai ta sani, a kawo mata ruwan alwala.

Amma a ranar Asabar ɗin, da matan suka ɗauki buhunansu za su fita, ta sa Usaini ya tare ƙofa. Ta miƙe tsaye, ko da yake tsayuwar ba ta ƙara mata wani tsawo ba, ta ɗaga murya irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Saura magana ɗaya, don na san ba ku san ayaba ba. Sau ɗaya uwa take yin nono. In ya ƙosa kun yanke, ta gama, ba za ta sake ba ko kun shekara kuna ba ta ruwa. Sare ta ake yi, a daddatsa jikin a zuba a gindin 'ya'yan su ci. In kuka bar ta tsaye don tausayi, ita ba ta yi ba, su ba su tashi ba. To abin da nake roƙo, ranar da za ku sare uwar, kada wadda ta sa adda sai ta aiko an ɗauko ni. Ko ina kwance ne a sa ni a keke. Ba kuka zan yi muku ba. Ina so in ga ɗan da za ku bari a gindin."